Labarin Dashen Itatuwa a Tuddan Kuza na Ƙasar Jos

Ƙasar Jos tudu ce babba a tsakiyar Nijeriya. Tsayinta bisa teku kamar ƙafa 4,000 ne, duwatsun Shere kuwa da ke gabas da garin sun ɗara haka nesa. Ruwan sama ya kan sauka a can kamar inci 55 a shekara, daga watan Afril zuwa Oktoba, sau da yawa kuma da ƙarfi ya ke zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Daga wannan tudu kogin Kaduna ya taso, da Gongola, da Dilimi wanda ruwansa ke gangarawa ta ƙasar Bauchi ya nufi Tafkin Chadi. Saboda haka abin da ya sami ƙasar tudun nan ba ya tsayawa a kanta kaɗai, sai ruwa ya kwasa ya kai wa mutanen gangare.

Wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, zai ga waɗansu tuddai jajaye masu tsini, da kududdufai masu zurfi a gindinsu, da kurmin itacen turare nan da can a tsaye sahu sahu. Duk ukun nan aikin hannun mutum ne. Tuddan da kududdufan haƙar kuza ta bar su, itatuwan kuwa an dasa su ne don su rufe ɓarnar, su riƙe ƙasa, su mai da ita gona. Biyu daga cikin bukatun nan sun biya, ta ukun ba ta biya ba, dalilin haka kuwa ya isa kowane ma'aikacin ƙasa ya san shi.

Asalin haƙar kuza

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan sun san kuza. Akwai masu narka ta a Ririwai ta ƙasar Kano da Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi. Su kan wanke ta daga yashin rafi, su narka a matoya, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Wannan haƙa ba ta yi wa ƙasa lahani mai yawa ba, gama abin da rafi ya bayar shi a ke ɗiba.

Irin wannan kuza ce ta kai hannun Kamfanin Neja, har ya so ya san inda ta ke fitowa. Cikin shekara ta 1902 ya aiko da mai bincike, cikin 1904 kuma wani Bature, H. W. Laws, ya kafa bariki a Naraguta. Ba a daɗe ba kamfanoni suka yi ta ɓullowa. Da fari a ka a ke ɗaukar kuza, tafiyar kwana da kwanaki, har aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, ta iso Bukuru cikin 1914. Babbar hanya ta Kafanchan ta iso Jos cikin 1927. Lebura suka taru daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Barno, da ƙasashen Faransa na arewa, barikoki suka zama garuruwa. Wajen 1930 aka sami wutar lantarki daga magangarar ruwa ta Kurra, daga nan manyan injuna suka shiga aikin da dā diga da shebur da kwano ke yi.

Da Japan ta ci ƙasar Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Gwamnati ta sa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, wanda mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna, ta hannun En'e-En'e kuwa aka tara mutanen. Da yawa daga cikinsu ba su saba da sanyin tudu ba, ciwo ya kama su, waɗansu suka mutu a can. Cikin 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, ba a kuwa sake kai wannan adadi ba.

Yadda ƙasa ta lalace

Mafi yawan kuzar Jos tana kwance ne cikin tsakuwar tsofaffin rafuka waɗanda ƙasa ta binne tun zamanin da ba a sani ba. Kafin a kai gare ta sai an ɗebe duk abin da ke bisanta. Injin haƙa ya kan fara kwasar baƙar ƙasa ta sama, wadda ita ce ran gona, ya zubar gefe. Sa'an nan ya kwaso jar ƙasa da yumɓu na can ciki, ya tula a kanta. Ta haka ƙasa ta kan juye, mai kyau ta koma gindin tsibi, marar amfani ta hau bisa. In an gama wanke kuza aka tashi, sai a bar rami ya cika da ruwa, a bar tsibi tsirara.

Tsibin da ba ciyawa ba ya jure damina. Ɗigon ruwa ya kan bugi ƙasa ya farfasa ta, ya toshe 'yan kafofin da ruwa ke shiga, sai ruwan ya bi gangare da gudu. Tun yana 'yar kora har ya zama kwazazzabo, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Laka da yashi su gangara su rufe fadamun da ke ƙasa, su cike rafuka. Banda wannan, barikokin lebura sun bukaci itacen wuta da na gini, aka sare 'yan kurmin da ke bakin rafuka har tudu ya zama fili fetal. Daga baya da aka auna, aka tarar ƙasar da haƙa ta taɓa ta wuce murabba'in kilomita 300, yawancinta kuwa kwari ne da fadama, watau inda noma ya fi kyau.

Nauyin abin ya fi faɗa wa Birom, don a ƙasarsu mafi yawan mahaƙan su ke. Bisa doka ma'adinai na Gwamnati ne. Manomi diyyar shuka da ta damuwa kaɗai a ke ba shi, kuɗin su ƙare cikin 'yan shekaru, gonar kuwa ta tafi ke nan. Jama'a na ƙaruwa, gonakin acca na raguwa, aka daina barin ƙasa ta huta. Cikin shekarun 1940 kukan Birom a kan ƙasa ya yi ƙarfi, suka kafa ƙungiya, suka yi ta kai ƙara. Cikin 1947 aka naɗa Rwang Pam sarkinsu, maganar ƙasa kuwa tana cikin manyan abubuwan da suka sha gaban majalisarsa.

Dokar gyara

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Shekara arba'in ana cin amfanin kuza ba wanda aka ɗora wa gyaran abin da ta ɓata. Sai da dokar ma'adinai ta 1946 ta fito aka sami ikon tilasta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya gama da shi. A ƙarshen shekarun 1940 kuma Gwamnati ta kafa sashe na musamman don gyaran ƙasar ma'adinai.

Aikin sashen nan kashi biyu ne. Na farko, a kawo katafila ta rushe tuddai, ta tura ƙasa cikin ramukan da za su ciku, ta kwantar da gangare, a ja kunyoyi a gicciye don su tare ruwa. Na biyu, a sa wa wurin tsiro. Nufin farko shi ne a mayar wa manoma da ƙasarsu, amma ƙasar da aka baje ba ta karɓi shuka ba. Ba ta da taki ko kaɗan, nauyin katafila kuma ya daddale ta har ta yi tauri kamar daɓe, da damina ruwa ya kwanta, da rani fartanya ta ƙi shiga. Sai aka yanke shawara a dasa itatuwa tukuna, su yi shekaru suna zuba ganye, saiwarsu tana fasa ƙasa, in ta farfaɗo a sare su a koma noma.

Itacen da aka zaɓa shi ne turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne. Waɗanda suka zaɓe shi suna da hujja. Yana kamawa a ƙasar da sauran itatuwa suka ƙi, yana girma da sauri, dabbobi ba su damu da ganyensa ba, in an sare shi kuma ya kan toho daga kututture ba sai an sake dashe ba. Ga shi kuwa ƙasar na fama da rashin itacen wuta. Aka yi ta renon iri a lambunan dashe da rani, in damina ta kama a fitar a dasa a jere, ma'aikatan daji su tsare shi daga wuta da gatari.

Yadda tsiro ke ɗaure gangare

Ya kamata a san abin da tsiro ke yi wa gangare, don a gane inda turare ya yi aiki da inda ya gaza. Kariyar ƙasa hawa uku ce. Hawan sama shi ne rassa da ganye, su ke tare ruwan sama su karya ƙarfinsa. Hawan tsakiya shi ne ciyawa da ƙananan itatuwa da busasshen ganyen da ya zuba, su ke rage gudun ruwa a bisa ƙasa, su ba shi damar nutsewa. Hawan ƙasa shi ne saiwa: ta ciyawa siririya ce mai yawa, tana saƙa fatar ƙasa kamar tabarma, ta itace kuwa tana nutsawa can ciki kamar turke, ta haɗa ƙasar sama da ta ƙasa.

Cikin ukun nan na tsakiya ya fi muhimmanci wajen hana zaizaya. Dogon itace da ba kome a gindinsa bai tsare ƙasa sosai ba, gama ruwan da ya taru a ganyensa ya kan ɗigo da nauyi ya bugi ƙasa tsirara. Shi ya sa masu wannan aiki ke bin tsari. A fara kwantar da gangare, a kau da ruwan da ke zubowa daga bisa ta hanyar da ba zai yi ɓarna ba. A dasa ciyawa mai ƙarfin saiwa, irin su jema da gamba, layi layi a gicciye. A sa ƙananan itatuwa tsakanin layukan. Manyan itatuwa su zo daga baya, a farkon damina, cikin ramin da aka zuba wa taki. Shekara biyu ko uku na fari su ne masu wuya, in akuya ko wutar daji ta shiga a lokacin, aiki ya koma baya.

Mutanen tudun Jos ba baƙin wannan ilimi ba ne. Angas na wajen Pankshin da Kofyar na gefen tudu sun daɗe suna gina matakalai na dutse a jikin tsauni, suna noma a kai. Birom kuwa su kan kewaye gidaje da gonaki da hanyoyi da shingen kyarana, wanda ke tare dabbobi da iska, ya kuma riƙe ƙasar da ruwa ya ɗebo. Suna barin atili a gonaki saboda 'ya'yansa da mansa. Tsarin gyaran da aka yi bai ɗauki wani abin kirki daga wannan gado ba.

Abin da turare ya yi

Ba a raina aikin turare. Inda ya kama ya rufe munin tuddai, ya karya iska, ya rage zubewar ƙasa, ya ba mutane itacen wuta da sandunan rufin ɗaki da na gini, har ya zama abin sayarwa. Manoma da kansu suka ɗauke shi suka dasa a iyakokin gonaki. Wanda ya san tudun nan sa'ad da ya ke fili, ya san turare ya sāke masa kama.

Amma cikin shekarun 1980 masana daga jami'ar Jos da ta Durham ta Ingila suka auna ƙasar da ke ƙarƙashin tsofaffin dashen, waɗansu sun shekara ashirin ko fiye. Abin da suka tarar bai yi daɗi ba. Ƙasar ba ta farfaɗo yadda aka zata ba, ta ma ƙara tsami, gishirin da shuka ke bukata kuwa ya ragu. Dalili kuwa ganyen turare mai tauri ne, mai mai, ba ya saurin ruɓewa, ciyawa kuma ba ta yin kyau a gindinsa. Ɗan ganyen da ya zuba ma, wuta ta kan cinye shi ko a share. Kowace sara kuma ana kwashe abin da itacen ya tsotsa daga ƙasa a kai kasuwa, ba abin da ke komawa. Saboda haka ranar da aka ce za a sare itatuwa a koma noma ba ta zo ba. Manomin da aka karɓi gonarsa don haƙa ya ga ta zama gandun daji, ya rasa ta sau biyu.

Banda wannan, abin da aka gyara ɗan ƙanƙani ne in aka gwada da abin da aka ɓata. Doka ba ta kama tsofaffin ramukan da aka bari kafin a yi ta ba, kamfani kuma ya kan riƙe wuri ya ce bai gama da shi ba, kuɗin sashen gyara kuwa bai taɓa isa ba. Cikin watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta faɗi, manyan kamfanoni suka durƙushe, ramuka suka rage ba mai su. Har yau kududdufan nan na cin mutane da dabbobi.

Gawo da masu lambu

Masanan nan sun auna ƙasar da ke gindin gawo a kan irin waɗannan tuddai, suka ga bambanci a fili: tsaminta ya ragu, takinta ya ƙaru. Manomin ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, ya kan kaɗe ganye da damina, ya yi sabo da rani. Ganyen ya zuba daidai lokacin da shuka ke bukatarsa, inuwa kuma ba ta danne hatsi. Da rani dabbobi su taru a gindinsa don inuwa da 'ya'yansa, su bar kashi. Saiwarsa kuma, kamar ta wake da gyaɗa, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa gero da dawa suka fi kyau a ƙarƙashinsa, shi ya sa kuma sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka tsananta hukunci a kan mai sare shi. Aibinsa ɗaya, da fari ba ya sauri, sai an yi haƙuri an kuma tsare shi. Turare ya fi shi saurin nuna aiki ga mai zagayen dubawa, gawo ya fi shi amfani ga mai gona.

Waɗansu mutane kuma sun yi nasu gyaran ba da umurnin kowa ba. Su ne masu noman rani, da fari yawancinsu Hausawa ne, daga cikinsu har da tsofaffin leburan kuza, daga baya 'yan ƙasa suka shiga da yawa. Suka ga kududdufan da haƙa ta bari ruwa ne a ajiye. Suka baje ƙasar bakinsu da ta bakin Dilimi da fartanya, suka yi fangali, suka ɗebo ruwa da jigo, daga baya da injin ban ruwa. Ƙasar da ta ƙi shuka suka yi ta zuba mata tokar juji da a ke kwasowa daga gari, da kashin shanu da na kaji, shekara bisa shekara. Toka ta kashe tsami, taki ya sassauta tauri. A kan ƙasar da aka fid da rai da ita suka fitar da tumatir, da kabeji, da karas, da latas, da dankalin Turawa, ana lodi ana kai wa biranen kudu da arewa. Tokar juji tana da nata haɗari, don sharar gari ta kan haɗa da ƙarafa masu guba, sai an lura da inda aka ɗebo ta. Duk da haka abin da katafila da turare suka kasa cikin shekaru masu yawa, fartanya da toka sun yi shi, domin mai yin aikin shi ne mai cin amfanin. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin da ya rage ga ma'aikata

Zamanin En'e ya wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka kafa Jihar Filato. Amma hakimai da dagatai da malaman daji da na gona suna nan, ɓarnar ƙasa kuma ba ta ƙare ba. Masu haƙa da hannu sun koma tsofaffin ramuka, ana fasa duwatsu don gini, ana yanka tsaunuka don hanya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa gyaran wurin da ya ɓata, sai dai doka a takarda ba ta dasa itace.

Labarin Jos ya bar wa mai riƙon ƙasa abubuwa huɗu. Na ɗaya, a yi sharaɗin gyara tun kafin diga ta taɓa ƙasa, a karɓi jingina tun mai haƙa yana da kuɗi, gama in kasuwa ta faɗi ba a ganinsa. Na biyu, a sa shi ya ware baƙar ƙasa ta sama ya ajiye ta dabam, don a mayar da ita bisa in an gama. Wannan kaɗai da an yi shi a Jos, da rabin wahalar ba ta samu ba. Na uku, kafin a zaɓi itace a tambaya me a ke so wurin ya zama. In sanduna da itacen wuta a ke so, ko a rufe wani muni a bakin hanya, turare ya isa, amma a nisanta shi da gona da rijiya, a bar ciyawa ta rufe gindinsa. In gona a ke so, sai gawo da 'yan'uwansa, da taki, da shinge. Na huɗu, a san mai wurin tun ranar dashe, a gaya masa rabonsa a gaban shaidu. Itacen da ba mai shi, na akuya ne da wuta.

Ma'aikatan da suka reni turare a lambunan dashe, suka ɗauke shi a ka cikin ruwa zuwa kan tuddai, sun yi aikin da aka sa su da gaskiya, inuwarsu kuwa tana nan ana sha. Abin da ya rage ga na bayansu shi ne, in sun je duba wurin da aka ce an gyara, kada su tsaya ga kallon kore daga bakin hanya. Su shiga ciki, su sa fartanya a gindin itacen, su ɗebi ƙasar a hannu, su kuma tambayi mai gonar ko ya shuka wani abu a wurin ya girba.